Ina son in aje wasan Baƙauye, mi kunka gani?

Mai Barkwanci na Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gida, iyayena da yayyena da ƙannena. Yau ba bidiyo niz zo da shi ba, magana ta, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kahin a yanke min hukunci.

Mafi yawanku da wasan Baƙauye kunka san ni, mutumin nan mai tsohuwar jamfa da hula a karkace da ka shigowa gari shi yi ta kwaɓa, bai san ATM ba bai san danja ba. Shi yas sa anka san ni, shi ka kawo min kiran buki da talla, da shi nika biyan haya da kuɗɗin makarantar yara. To shi nika son in aje. Ba ban dariya gaba ɗai za ni bari ba, wanga mutum na cikin jamfa dai.

Abin da yad daɗe shina damuna shi na, in na zauna na yi tunani na rubuta abin dariya mai ma'ana, na yi shi da maganata ta yau da kullum, kallo kaɗan za a yi. Amma in na sa jamfa na ƙara ma Sakkwatanci gishiri fiye da yadda ko kakata taka yi, na buɗe baki na yi shirme, sai ka ga bidiyo ya tashi, kuma in ka shiga kwament sai ka ga mutanen wasu garuruwa suna rubuta "Sakkwatawa ba dai shirme ba" da alamar dariya a jere. Sai na hwara tambayar kaina wai ni aka ma dariya ko harshen uwata. Don yadda nika magana cikin wasan, in ka cire ƙarin gishirin, haka tsohuwata taka magana, haka limamin da yar raɗa min suna shika magana.

Sannan ga gida. Ɗiyata ta dawo daga islamiyya ta ƙi cin abinci, da ƙyar uwatta tas samu tah hwaɗa mata wai yara na ce mata ɗiyar wawa. Da ƙanen babana yar rasu muna zaman makoki wasu in sun zo gaisuwa da sun gan ni sai murmushi shi kuɓuce musu, wani yaro har yana raɗa min wai in ɗan yi musu muryar nan. An yi taron unguwa kan kuɗɗin 'yan sintiri na ɗaga hannu, kahin in ce komi an hwara dariya, alhali maganar da niz zo da ita ta lissahi ta. Ni ban raina sana'ata ba wallahi, ina son ta, babu abin da ka yi min daɗi awa in ga dattijo ya riƙe ciki hawaye na zuba don abin da nic ce. Amma ina son in na tuɓe jamfa a san na tuɓe.

Ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Ɗan Kabu-kabu:
Wa alaikumus salam. Haba oga kar ka muna haka. Ni ɗan ƙauye na, daga wajen Bodinga niz zo garin ga, kuma ban taɓa kallon wasanka nij ji an zage ni ba. Mutum ya wuni cikin rana tun sahe daga Dandima zuwa Kwannawa ya dawo ƙashinai duk ciwo, in na kwanta na kunna bidiyonka shi na hutuna. Masu kwament su yi ta yi, bakinsu na.

Innar Yara, Runjin Sambo:
Ɗana Allah shi yi maka albarka da kat tsaya kay yi wanga tunani. Maganar yarinyar nan ta taɓa ni. Ka je makarantar da kanka cikin shiga ta mutunci ka gaisa da malamansu, yara su gan ka a matsayin uba. Wannan ko ka bar wasan ko ba ka bari ba ka yi shi.

Mai Kamara:
To ni da nake riƙe maka waya nake maka editin bari in faɗi nawa a gaban kowa tunda a nan ka kawo ta. Jama'a da yawa suna zaton kuɗi na zubowa daga intanet, ba haka ba ne. YouTube ba za su fara biyanka kuɗin talla ba sai ka tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo, Facebook kuma sai 2024 suka buɗe wa 'yan Najeriya hanyar biya ta talla, kuma kallon da aka yi daga nan gida abin da yake kawowa bai kai na wanda aka yi daga Amurka ko Ingila ba ko kusa. Abin da ke riƙe mu shi ne tallar masu shaguna da masu gidan abinci da MC na biki, su kuma waɗannan ba su san wani rubutu mai ma'ana ba, Baƙauye suke kira su ce a zo da jamfar. Sakan uku na farko in mutum bai ga abin da ya sani ba ya wuce da yatsa. Mu da muke fita ɗaukar bidiyo a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40 waya tana ɗaukewa da kanta sai an sa ta a inuwa ta huce, mu muka san wahalar tara mutanen nan. Ka ajiye shi yau, wata uku masu zuwa wa zai biya haya? Kuma ba kai kaɗai kake ci a ciki ba, akwai ni akwai yaran da ke fitowa tare da kai.

Mai Barkwanci na Mabera:
Gaskiya kaf faɗi abokina, kuma shi yas sa ban yanke ni kaɗai ba. Haƙƙinku na wuyana.

Bakano Mai Shago:
Ni fa ina ganin ana so a mayar da abin kamar Kanawa ne suka tsani Sakkwatawa. Shekaruna da yawa a garin nan ina kasuwanci, kullum sai an kwaikwayi maganata an yi dariya a kasuwa ban taɓa fushi ba. A finafinai ma ai ba ku kaɗai ake kwaikwayo ba, ana yin Bafulatani ana yin Inyamuri ana yin Bagwari ana yin ɗan ƙauyen Kano ɗin ma. Marigayi Ibro wane ne bai taɓa ba? Kuma duk ƙasar Hausa har Nijar da Gana babu inda ba a so shi ba. Wasa ne, a bar shi a wasa.

Ɗalibar Danfodiyo:
Yaya Bakano ba wanda ya ce an tsani kowa. Amma ka duba da kyau, a fim in an ba mutum Sakkwatanci wane matsayi ake ba shi? Mai gadi, ɗan dako, boka, wanda za a damfara. Sau nawa ka ga likita ko alƙali ko saurayin da ake rububi yana cewa munka sunka? Ni Hausa nake karanta a jami'a, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne yaranmu na nan cikin gari sun fara jin kunyar harshensu, yarinya in za ta yi bidiyo sai ta karya harshe ta koma Kananci wai kar a ce mata 'yar ƙauye. Daidaitacciyar Hausa ta ginu a kan karin Kano ne saboda dalilai na tarihi, aikin ɗab'i da aka kafa a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, littattafan makaranta, sai rediyo ta ɗora. Ba don ta fi wani kari daraja ba. Masana harshe ma sun nuna karin yamma ya riƙe tsofaffin siffofi da yawa da Kananci ya zubar. Waƙoƙin Hausa na zamanin jihadi, na Nana Asma'u da ta rasu a 1864 da na ɗan'uwanta Isa, a wannan ƙasar aka yi su da harshen mutanenta. Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Ɗan Anace, Sa'idu Faru, Jankiɗi, da wane harshe suka yi waƙa? Har yau Bakano in zai yi kirari bakinsu yake ara. To yaya harshen da ake waƙar sarakuna da shi ya zama in an ji shi a waya sai a fara dariya tun kafin a ji me aka ce?

Bakano Mai Shago:
Ƙanwata na yarda da ke a kan makaɗa, wannan ba musu. Amma ai shi ɗan gari ne yake yi ba mu ba.

Ɗalibar Danfodiyo:
Shi ya sa ya kawo maganar ai, don shi ɗan gari ne abin ya dame shi.

Kawu na Kanwuri:
Bari tsoho shi sa baki. Mu mun ga zamanin da unguwa guda talabijin ɗaya ko biyu, a taru ƙohwar gida a kalli Golobo da Idon Matambayi, da Sakkwatanci tsantsa aka yin su kuma dariya muka yi har mu hwaɗi, amma ba harshen muka ma dariya ba don kowa cikin wasan haka shika magana, mai hankali da marar hankali, mai gari da talaka. Abin dariyar halin mutum na, rowa, kwaɗai, ƙarya, son girma. Ka duba Samanja Mazan Fama, Usman Baba Pategi, Allah shi jiƙanai, a 2023 yar rasu. Hausar bariki shika yi wadda duk ta karkace, amma shi kanai tsohon soja na, ya ci gwagwarmayar barikin, kuma in an gama wasan Samanja ba wawa ba na, mutum na mai zahin kai mai gaskiya. Sojoji da kansu sun hi kowa son shi. Kasimu Yero ma haka, Allah shi gahwarta mai, ya ba mutane dariya kuma in ya shigo wuri tashi aka yi a ba shi kujera.

To ɗana abin da nika gani, ba jamfar ta laihi ba. Kai kab bari mutumin cikin jamfar kullum shi aka kayarwa. Mu da munka yi aiki ƙauyuka mun san baƙauye ba haka shike ba, mutumin da ka duban sama shi ce maka ruwa sai jibi kuma a yi jibin, wanda in ka je sayen rago hannunai sai ya sayar da kai ya sayo ka. Mi zai hana wata rana shi shigo gari shi ka da ɗan birni?

Mai Barkwanci na Mabera:
Kawu Allah shi ƙara girma. Mun taɓa gwada irin haka, Baƙauye ya gane ɗan damfara ya juya mai wasan. Mutanen gida sun so shi ƙwarai, har tsohuwata da ba ta kallon wasana ta sa an kunna mata. Amma bai yi tahiya awa sauran ba.

Mai Kamara:
Ko rabi bai yi ba Kawu. Ni nake ganin lambobin.

Bagobiri na Sabon Birni:
Tun ɗazu nika karantawa ina ta danne zuciyata amma bari in yi magana. Masu cewa wasa na, mu Gobirawa mun hi kowa sanin wasa, tsakaninmu da Yarbawa wasa na tun kaka da kakanni, haka Fulani da Barebari, haka Kanawa da Zazzagawa, haka jika da kaka. Amma wanga wasa ƙa'ida gare shi, in na taɓa ka kana da bakin ramawa nan take, kuma in wani abu yas same ka ni za ka hwara gani. A bidiyo wa ka rama ma baƙauye?

Kuma don Allah ku dubi garin ga yanzu. Mutumin da kuka gani tsaye bakin titi da buhu a kai ya rasa gabas ya rasa yamma, bai iya tsallaka kwalta ba, ba yawon buɗe ido yaz zo ba. Daga wajenmu yah hito, daga Isa, daga Rabah, daga Goronyo, 'yan bindiga sunka tashe su. Mutum na da gonatai da shanunai da rumbu cike, yau shina kwana kangon wani shina neman aikin dako. Ƙanen mahaihiyata na cikinsu, dattijo da in ya yi magana garinsu ba a tayarwa. Ranar nan yara sunka bi shi a baya suna kwaikwayon muryar cikin bidiyo suna ce mai Baƙauye ya shigo gari. Bai san mi suka nuhi ba, ni nis sani. Ban ce kai kas sa su ba ɗan'uwa, kuma na san ba nuhinka ba na, amma muryarka sunka ara.

Innar Yara, Runjin Sambo:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ka kawo muna ƙarshen wagga masiha.

Ɗan Kabu-kabu:
Kai wannan ta yi nauyi. Ina ɗaukarsu kullum daga tasha, wani ko kuɗɗin bai da su. Ban taɓa haɗa abin da bidiyo ba sai yanzu. Amma dai har yanzu ina ganin tarbiyyar yaran ta, ba laihin oga ba.

Mai Barkwanci na Mabera:
Yaya Bagobiri na karanta na sake karantawa. Ka gaishe min da Baba, in da hali ina son in zo in gaishe shi da kaina, ba da kamara ba.

Malamin Islamiyya:
Bismillah. Tunda an nemi shawara tsakani da Allah bari a ji ɓangaren addini, ba don a ɗaure kowa ba. Musulunci bai hana raha ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana yin raha da sahabbansa amma ba ya faɗin sai gaskiya. Wani ya roƙe shi abin hawa ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa, mutumin ya ce me zan yi da ɗan taguwa, ya ce masa ai kowane raƙumi taguwa ce ta haife shi. Kun ga an yi raha ba a yi ƙarya ba ba a muzanta kowa ba. A ɗaya ɓangaren akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito mai gargaɗi da bone ga wanda yake ba da labari ya yi ƙarya don ya ba mutane dariya. Malamai sun yi saɓani a kan wasan kwaikwayo wanda kowa ya san shiri ne, wasu sun sa shi ƙarƙashin hadisin wasu sun ce tunda ba a yaudari kowa ba bai shiga ba. Amma inda babu saɓani shi ne aya ta 11 a Suratul Hujurat, kada wasu mutane su yi izgili ga wasu, wataƙila waɗanda ake wa sun fi su alheri, kuma a cikin ayar aka hana jifan juna da miyagun laƙabobi. Wannan ta hau kan mai wasa in ya muzanta jama'a, kuma ta hau kan yaran da suka kira 'yarsa da wannan suna, da manyan da suka yi masa dariya a taron unguwa kafin ya buɗe baki. Kowa ya ɗauki nasa.

Ƙaramin Mai Wasa:
Malam Allah ya saka. Ni ƙarami ne a harkar, yayanmu mai post shi ya fara sa ni a bidiyo. Abin da mutane ba su sani ba, na je neman aure an yi bincike ba a same ni da shaye-shaye ba ba a same ni da rashin sallah ba, amma waliyyin ya ce ba zai ba ɗan wasa ba. Kuma wallahi a wayarsa akwai bidiyonmu, yaransa suka faɗa min yana kallo yana dariya. To mu ina za mu sa kanmu? Ana son abin da muke yi ba a son mu.

Wata Baiwar Allah:
Ku yi haƙuri ban sa sunana ba. Mijina MC ne kuma yana barkwanci a wajen biki. Mata in sun gan ni sai su ce ke kam kin huta gidanki kullum dariya. Ba su san in ya dawo ƙarfe ɗaya na dare ko magana ba ya iya yi ba, muryar ta dushe, sai ya zauna shiru ya daɗe kafin ya ci abinci. Ranar da ɗanmu ke kwance asibiti da zazzaɓi ya tafi ya yi wasa a dina saboda ya riga ya karɓi kuɗin mutane kuma da kuɗin aka sayi maganin, ya dawo ya kwana zaune a bakin gadon. Ni ban taɓa jin kunyar sana'arsa ba. Abin da ke min ciwo shi ne in ya yi maganar gaske a cikin danginsa sai a ce kai dai ba ka rabo da wasa.

Mai Barkwanci na Mabera:
Hajiya kamar gidana kika leƙa. Mutane na zaton ban dariya hali na, mutum haka Allah yay yi shi sai shi buɗe baki kawai. Akwai baiwa, amma aiki ya hi yawa. Ni a tashe nif fara tun ina yaro, in azumi ya kai goma mu bi gida gida, can na gane in ka yi saurin hwaɗin ƙarshen magana ka kashe ta, sai ka ɗan yi shiru ka bari mutane su matso da kunnuwansu tukuna. Wanga shirun shi na rabin sana'ar kuma ba a koyon shi sai gaban mutane. Taron mata daban na maza daban, in tsohuwa ta rufe baki da gyale kahwaɗunta na rawa to ka ci wurin, in ka ga maza sun hwara duba waya to canza hanya tun kahin ka rasa su. A buki kana ganin huskar wanda kaka taɓawa, in ka ga ta canza sai ka ja baya ka ba shi girmanai. Waya ba ta da huska. Kana yi gaban gilashi babu mai dariya babu mai ɓata rai, sai bayan ka sake ta shiga inda ba ka taɓa zuwa ba, ta iske mutumin da ba ka san halin da shike ciki ba. Da wasan Baƙauye a zaure nika yin shi da ƙanen mahaihiyar Yaya Bagobiri zaune, da tun daga idonai zan san in tsaya.

Kuma ku tuna Ibro da anka ambata. Gandiroba na kahin shi shiga fim, ya ba ƙasar ga dariya shekara da shekaru, a 2008 anka ɗaure shi Kano kan wani fim, a Disambar 2014 yar rasu shina ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Sai bayan ya tahi mutane sunka hwara hwaɗin kirkinai da zumuncinai. Ni ina son a san ni mutum na tun ina numfashi.

Bakano Mai Shago:
Allah ya jiƙansa. Amma fa kar ka bar Baƙauye ka koma taɓa 'yan siyasa, ka ga a 2022 kotu a Kano ta sa an yi wa wasu 'yan TikTok biyu bulala ashirin ashirin kan sun taɓa gwamna.

Ɗalibar Danfodiyo:
To kun gani. Mai mulki in an taɓa shi akwai kotu, shi baƙauye wa zai kai wa ƙara? Shi ya sa kowa ya fi samun sauƙin taɓa shi.

Wani Ɗan Gari:
Duk surutu ne wannan, ya tara kuɗi ne yanzu yake neman suna a wajen malamai. Gobe za ku gan shi da jamfar.

Admin:
Ɗan'uwa a gyara harshe. Mutum ya kawo damuwarsa da ladabi, in ba ka da shawara ka wuce. Wargi ma wuri shika yi. Gargaɗi na farko ke nan.

Kawu na Kanwuri:
A rabu da shi. Ɗana ina da tambaya, ka taɓa zama da 'yan kama? Don ku yaran yanzu kuna ganin da waya anka hwara ban dariya. Da can in ana buki ko ranar kasuwa sai ɗan kama shi zo da 'yan amshinai, shi ɗauko waƙar da kowa yas sani shi juya ta duk ta koma maganar tuwo da miya da hura, ko shi zauna awa mai wa'azi shina jero hukunce hukunce amma duk kan loma da ƙashin miya. Sarakuna na kiran su, attajirai na ba su riguna. Kuma ka lura duk abin kan cikinsu suka maida shi, kwaɗan kansu suka ma dariya, ba su kama wata ƙabila ko wani mai lalura ba. An yi dariya an watse ba wanda yak koma gida da ciwon rai.

Malamin Islamiyya:
Kawu a gafarce ni, ɓangaren kwaikwayon wa'azin nan malamai da yawa ba su yarda da shi ba tun a wancan lokacin, musamman in an kusanci lafazin aya ko hadisi. Kar ya gudu daga wata matsala ya faɗa wadda ta fi ta.

Kawu na Kanwuri:
Na karɓa Malam, wannan gehen a bar shi. Dabarar nika nuna mai ba lafazin ba.

Mai Kamara:
Ni dai har yanzu ban ga amsar haya ba. Kuma akwai tallace tallace da muka riga muka karɓi kuɗinsu da sunan Baƙauye, ba za mu ce wa mutane mun fasa ba.

Mai Barkwanci na Mabera:
Waɗanda munka karɓa za mu cika su, alƙawari na. Amma ko cikinsu ba ni ƙara ma harshe gishiri, yadda nika magana da kai haka za ni yi, kuma ba za a sake rubuta wurin da yaran gari ka bin shi suna ihu ba, wanga na cire shi daga yau. Bayan nan ba ni karɓar sabo da sunan jamfa sai mun gwada shawarar Kawu da gaske, ba bidiyo ɗaya mu ce bai tashi ba mu koma. Ina da wani mutum a kai da nid daɗe ina juyawa, dillalin gidaje mai rantsuwa kan kowane kango, ɗan birni na kuma da Sakkwatanci zai yi magana, wanda zai ka da shi ma da Sakkwatanci. Kuɗɗin MC na buki in sun shigo za mu raba da kai da yara har mu ga yadda ta kaya, wannan na hwaɗa gaban shaidu.

Ƙanwata ta Danfodiyo, in rubutun ya kammala za ki duba muna shi? Kawu kuma ko akwai sauran tsohon ɗan kama da kas sani da rai, ko nan ko wajen Wurno ko Gwadabawa, ina son in je in zauna da shi.

Ɗalibar Danfodiyo:
Zan duba Yaya, ka turo ta inbox. In za ku je wajen tsohon ku tafi da ni da rikoda, sashenmu na buƙatar irin wannan.

Mai Kamara:
Ban gamsu duka ba amma zan riƙe wayar. Sai dai dillalin nan a ɗauke shi da sassafe kafin rana ta buɗe.

Kawu na Kanwuri:
Akwai wani da nis sani can baya wajen Tsohuwar Kasuwa, ban da labarinai kwana biyu. Bari in tambayi mutanenmu bayan sallar Juma'a, in shina nan zan sa a yi maka iso.